Ranar da Zarto Ya Tsaya a Rumfar Sattuang

Rabasing ya haura shekara arba'in bai taɓa yanka ƙashin bayan jirgi ba, alhali ubansa Sattuang, wanda ake kira Puang don girmamawa, na cikin manyan masassaƙan jiragen ruwa na gaɓar Bira, kakansa ma haka. Mutanen gari sun san da wannan, har sun gaji sun daina zancen. Baƙi ne ba su sani ba, kuma a wurinsu yake cin abinci.

A wani otal yake aiki, can saman dutse inda ake hango farin yashi. A gefen wurin wankan baƙi an kafa wata 'yar rumfa ta ganyen kwakwa, an girke wani kwalekwale da aka fara sassaƙawa ba a ƙarasa ba, ba a kuma da niyyar ƙarasawa. Kullum bayan la'asar Rabasing zai sa farar riga, ya ɗaura zane, ya naɗa ƙyalle a ka, ya tsaya gaban masu yawon buɗe ido yana ba su labarin kakanninsa: yadda suke jera allunan jirgi tun kafin su sa masa haƙarƙari, yadda suke haɗa katako da katako da turakun itace, yadda suke bin taurari har su kai ƙasashen da ba su san harshensu ba. Baki dai Allah ya ba shi. In ya gama sai ya ɗauko zarto ya ɗora a kan guntun kututturen kwakwa. Ya ja, ya ja, in ya kai tsakiya sai ya tsaya, ya ɗago kai ya yi murmushi a ɗauki hoto, sannan ya miƙa zarton ga mai son gwadawa. Shekara da shekaru yana wannan, har jikinsa ya iya ba sai ya yi tunani ba.

Ubansa bai taɓa hawa dutsen nan ya gani ba. Bai kuma taɓa hana shi ba. In aka kawo masa zancen sai ya ce yaro na da iyali, dole ya nema.

Wata safiya tsohon ya aika a kira shi. Rabasing ya same shi a barandar gida, da kofi da soyayyar ayaba a gabansa, kofin na rawa a hannunsa har yana ɗiga a zane.

"Zauna," in ji Sattuang. "Ka ji Haji Mappiare ya kawo aiki?"

"Na ji, Puang. An ce jirgin kaya ne."

"Na kaya. Shinkafa da siminti zai riƙa kaiwa tsibiran gabas. Ba irin na yanzu masu ɗakin kwana da madubi ba, da ake ɗibar mutane a kai su su leƙa kifi su dawo. Itacen ya iso. Kai za ka yanka."

"Ni, Puang?"

"A'a, kazar da ke bayanka."

Rabasing ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya san abin da maganar ke nufi. Ranar da za a fara jirgi, akan kwantar da dogon gungumen da zai zama ƙashin bayansa, babban masassaƙi ya tsaga alama da gizago a kan kowane baki, ya raɗa wa itacen wasu kalmomi, sannan a yanke bakin biyu da zarto. Guntun gaba a jefa a teku, domin shi ne mijin da zai tafi nema. Guntun baya a ba matar mai jirgi ta ajiye a ɗaka, domin ita ce mai jiran dawowarsa. Kuma daga lokacin da zarto ya ciji itace, ba ya tsayawa sai guntun ya faɗi. Jirgin da zartonsa ya tsaya a hanya, su a wurinsu, shi ma a hanya zai tsaya.

"Dubi hannuna," in ji tsohon, ya ɗaga shi sama yana kakkarwa. "Alama zan iya tsagawa, raɗa zan iya yi. Zarto kam ya fi ƙarfina. In ka yanka ya faɗi, ranar nan zan ba ka gizagon ubana, in zaunar da kai in gaya maka abin da ake faɗa wa itace. Ba a gaya wa wanda hannunsa bai yanka ba. Ni ma sai da na yanka aka gaya mini."

"Da can me ya sa ba ka ce ba, Puang?"

"Na ce. Kai ne ka ce a bari sai baƙi sun ragu. Sau nawa?"

Rabasing ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne. Baƙi kuwa ba su taɓa raguwa ba.

A yi masa adalci, abin ya shiga ransa. Ya koma gida ya samo ragowar itacen ulin, mai taurin ƙarfe, irin wanda za a yanka, ya kai bayan ɗakin girki yana gwadawa safe da yamma. Tafin hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Matarsa Nurung takan tsaya da faifan shinkafa tana kallonsa.

"Daeng," in ji ta, yadda suke kiran na gaba da su, "a kawo maka man shafawa? Hannun nan naka fa ya fi nawa laushi."

"Ki ci gaba. Ranar da aka fara kiran ki matar babban masassaƙi, kya zo ki ba ni haƙuri."

"In ba ka faɗi kafin itacen ya faɗi ba."

"Wuce ki duba kifinki, ina jin ƙauri."

Tana tsokanarsa ne, amma ita ta kai farar rigarsa aka sake mata wuya, ita ta je kasuwa ta zaɓo farin zakaran da za a yanka. Rabasing kuwa yana jan zarto yana tuna lokacin da yake yaro, yana kwance ƙarƙashin cikin jirgi yana shaƙar ƙamshin garin katako, yana jin gizago goma na sauka kamar ana kiɗa. Bai san yana kewar abin haka ba sai yanzu.

Kuskurensa ya faro ne ranar da ya je neman hutu wurin Bu Lince, matar da ke kula da harkar baƙi a otal. A can Bu kamar Malama ne, Pak kuma kamar Malam. Da ya ce yana da uzuri na gida, da shi ke nan. Amma bakinsa bai iya ɓoye abin alfahari ba, sai da ya zayyana mata komai.

Ta ajiye wayarta. "Pak Rabasing! Na gaske? Da zakara da turare da komai?"

"Da komai, Bu."

"Kuma kai za ka yanka? To ai baƙinmu su gani. Kullum kana ba su labari, yau ga shi a fili."

"A'a, Bu. Wannan ba na kallo ba ne. Tsohona ba zai so ba."

"Mutum kaɗan. Su tsaya nesa, ba wanda zai yi tari. Ka yi tunani, za su koma ƙasashensu su ce sun ga ɗan masassaƙan Bira ya karɓi gadon gidansu da idonsu."

Ba ta yi masa barazana ba, ba ta yi masa alkawarin komai ba. Da kuɗi ne ya ja shi, da an ce talauci. Abin da ya ja shi ya fi wannan arha. Shekarun nan duk yana tsayawa gaban mutane da kayan aro, yana so ko sau ɗaya su gan shi da nasa. Ya ce to.

Ubansa kuwa rabin maganar ya gaya masa. Ya ce wasu abokan aiki za su zo su tsaya daga nesa. Tsohon ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Gaɓar teku ba tawa ba ce."

Ranar ta zo da hantsi mai kyau, ruwa na cikowa. An kwantar da gungumen a kan matashai ƙarƙashin rumfar da Sattuang ke sassaƙa jiragensa, baƙi wuluk, dogo, an auna shi da gaban Haji Mappiare kansa, wato faɗin hannuwansa a miƙe, yadda ake yi wa kowane mai jirgi. An jera tire-tire na shinkafa mai danƙo da ayaba da ƙwai. Turaren wuta na tashi. Hajin na zaune a kan tabarma da hularsa baƙa, kusa da shi matarsa ta shimfiɗa farin ƙyalle a cinya, wanda za ta naɗe guntunta a ciki. Ma'aikatan rumfa sun tsugunna a jere, ba mai shan taba.

Motar otal ta tsaya a bakin hanya. Mutanen da suka sauko sun fi kaɗan nesa ba kusa ba, da hulunan rana da gajerun wanduna, kowa da waya a hannu. Bu Lince ta jera su bayan wani tarin katako, tana ɗora yatsa a baki.

Haji Mappiare ya karkato. "Puang, su wane ne waɗannan?"

"Abokan aikin ɗana ne, Aji."



Aka yanka zakara, aka shafa jinin a itace. Sattuang ya tashi da ƙyar, ya kwance gizagon daga farin ƙyallensa, ɗan ƙarami, ƙotarsa ta yi baƙi ta yi santsi don tsufa. Ya durƙusa, ya kai bakinsa dab da gungumen, leɓɓansa na motsi ba mai jin abin da yake cewa. Ya tsaga alama. Ya ɗago ya dubi ɗansa.

Rabasing ya yi bismillah ya ɗora zarto a bakin gaba. Itacen ya yi gardama, ya matsa masa. Sautin ya daidaita, gaba, baya, gaba, baya, garin katako ja-ja na zuba a kan ƙafarsa. Zufa ta shiga idonsa bai share ba. Kafaɗarsa ta ɗau zafi bai kula ba. Sai guntun ya faɗi tim a kan yashi. Ma'aikata suka sauke numfashi, ɗaya ya ɗauka ya nufi ruwa da shi. Rabasing ya saci kallon ubansa, ya ga tsohon ya ɗan gyaɗa kai. Tun yana yaro bai sami wannan ba.

Saura bakin baya, na matar gida.

Ya koma can, aka tsaga alama, ya ɗora. Yanzu hannunsa ya saki, tsoro ya tafi, har yana jin daɗin aikin. Bai lura ba baƙin sun zagayo tarin katakon kaɗan-kaɗan. Zarto ya nutse, ya kai tsakiya. Wata mata mai faffaɗar hula ta durƙusa a gabansa da wayarta, ta ce da muryar fara'a irin wadda yake ji kullum bayan la'asar, "Pak, dubo nan!"

Hannunsa ya tsaya. Kansa ya ɗago. Haƙoransa suka bayyana.

Bai fi numfashi ɗaya ba. Amma zarto a cikin ulin ƙara gare shi, kuma duk wanda ke rumfar ya ji lokacin da ƙarar ta ɗauke. Murmushin na fuskarsa tukuna sa'ad da ya gane abin da ya yi. Ya danna zarton zai ci gaba, sai ya ji hannu mai rawa a kan nasa.

"Bari," in ji ubansa.

Baƙin suka ɗauka an gama, suka fara tafi. Matar Haji ta ninke farin ƙyallenta gida huɗu, ta sa a jaka. Bu Lince, wadda ba wawiya ba ce, ta dubi fuskokin ma'aikatan sau ɗaya ta fara kora mutanenta zuwa mota.

"Puang, ban tsaya ba," in ji Rabasing. "Aji, wallahi ɗan jinkiri ne kawai. Ƙiftawar ido."

"Na ji da kunnena, Rabasing," in ji Hajin.

"To a matsa ciki kaɗan, taki ɗaya, a sake alama in yanka. Wa zai sani?"

"Da gabana aka auna shi. Ka rage taki ɗaya, ya zama na wani, ba nawa ba." Hajin ya miƙe yana kakkaɓe zanensa. Ba ya cikin masu ɗaga murya. "Ɗana na fari ne zai tuƙa jirgin nan. Uwarsa ga ta nan zaune, ta gani. Kai za ka je ka gaya mata duk daminar da iska ta tashi cewa ƙiftawar ido ce?"



"Itacen a wuyana yake, Aji," in ji Sattuang. "Zan nemo wani."

"Ba itace ne damuwata ba, Puang, ka sani. Wa zai yanka?"

Tsohon ya naɗe gizagonsa a ƙyalle.

Akwai masu cewa itace ba ya ji, teku ba ta san wanda ya tsaya da wanda bai tsaya ba. Wataƙila haka ne. Amma waɗanda suka kafa wannan doka mutane ne da ke tura 'ya'yansu kan ruwa a cikin abin da hannun wani ya haɗa, suna so su ga ko mai hannun zai iya riƙe hankalinsa a kan aiki ɗaya har ya ƙare, ko da wa ya kira shi. Tambayar ke nan da aka yi wa Rabasing a gaban jama'a, ya kuwa ba da amsa. Matar mai hula ba ta da laifi. Abin da ta saba gani ana yi a otal shi ta nema, kuma shi ya koya wa hannunsa ya ba ta.

A gida Nurung ba ta tsokane shi ba, wannan ya fi masa ciwo. Ta ajiye masa gasasshen kifi da shinkafa, ya kasa ci.

"Ka je ka same shi, Daeng."

"In ce masa me?"

"Ka ce ya ba ka wani itacen. Uba ne."

"Ba ki san shi ba."

"Na san shi. Shekara nawa yana jiran ka, ka ga ya kira wani?"

Washegari da safe ya tafi, ya shirya maganarsa tun a hanya: zai bar otal, zai dawo rumfa ya fara daga ɗaukar katako kamar sabon shiga, in an sami wani jirgin a sake gwada shi. Da gaske yake. Ya tarar da tsohon a ƙofar gida ya riga ya yi shiri, da rigar zuwa masallacin Juma'a, da ƙunshin farin ƙyalle a hammata.

"Yawwa, ka zo da babur. Kai ni Tana Beru."

"Wurin wa, Puang?"

"Wurin Tojeng."

Daeng Tojeng masassaƙi ne a can garin Tana Beru, bai kai Sattuang shekaru ba, kuma tun suna samari suke ƙwace wa juna aiki. Sattuang kan ce jiragen Tojeng kamar kwandon wanki suke, Tojeng kan ce na Sattuang sai an roƙe su suke tafiya. Ko a wurin biki ba sa zama tabarma ɗaya.

"Puang, ka saurare ni tukuna. Zan bar otal. Yau ɗin nan."

"Kada ka bari. Me 'ya'yanka za su ci?"

"Zan dawo rumfa. Ka ba ni jirgi ɗaya kawai, na gaba."

"Wane na gaba?" Tsohon ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. "Wannan ma shekara nawa muka yi kafin ya zo? Kuma wane mai jirgi ne a gaɓar nan zai shimfiɗa wa matarsa ƙyalle ya ce kai za ka yanka? Labari ya riga mu isa Tana Beru. Ni kuma ka ga yadda nake. Ba zan kai gizagon nan da kalmominsa kabari ba, ba nawa ba ne ni kaɗai. Ɗan Tojeng ya yanka uku, duk sun faɗi. Ta da babur."

"Gidansu suna da nasu kalmomin, Puang."

"Suna da rabi. Kakansa a rumfar kakana ya koya, ya gudu bai ƙarasa ba. Shi ya sa jiragensu suke haka."

Rabasing ya ta da babur. Tsohon ya hau baya, ya riƙe masa riga da hannu ɗaya, ƙunshin na tokare masa baya duk tsawon hanya. Suka wuce masu sayar da rigunan wanka da ƙananan jiragen wasa na katako, suka wuce ƙofar otal, suka bi hanyar da ke gefen teku. A wani wuri tsohon ya matso bakinsa kusa da kunnensa saboda iska, Rabasing ya ɗauka kalmomin zai raɗa masa, ya rage gudu.

"Laifina ne ni ma," in ji Sattuang. "Da na hau dutsen nan sau ɗaya na ga abin da kake yi da zarto, da na karya shi a kanka tun kana da sauran gyara. Na ce kana da iyali. Kunya ce ta hana ni, na kira ta tausayi."

Abin da ya faɗa ke nan.

Daeng Tojeng na kan wani jirgi da ake jera wa alluna sa'ad da suka iso. Ya leƙo ya ga mai zuwa, ya buɗe baki.

"Ikon Allah! Daeng Sattuang a rumfata? Ka zo koyon aiki ne da tsufanka?"

"Sauko, mai kwando. Kira mini ɗanka."

Tojeng ya ga ƙunshin. Dariyar ta bar fuskarsa, ya sauko da sauri har yana tuntuɓe, ya goge hannu a zane, ya kama tsohon ya taimaka masa ya sauka daga babur. Ya dubi Rabasing sau ɗaya ya kau da kai, don kada ya ƙara masa. Aka kira ɗan, wani ƙaƙƙarfan mutum mai garin katako a gashi. Su uku suka shiga wani ɗan ɗaki a ƙarshen rumfar, aka ja ƙofa. Can Tojeng ya fito shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofar ya juya mata baya.

Rabasing ya zauna a kan wani gungume, a inuwar cikin jirgin. Gizago na sauka ta ko'ina. Aka kawo masa kofi ya riƙe har ya huce. Daga inda yake yana iya ganin ƙofar, katako ce marar kauri, da ya matsa kusa wataƙila da ya tsinci wani abu. Bai matsa ba.

An daɗe kafin ta buɗe. Sattuang ya fito hannu wofi, ɗan Tojeng na biye da shi, idonsa ja, ƙunshin a ƙirjinsa. Tsohon ya tako a hankali har wurin babur, ya dafa kafaɗar ɗansa don ya hau.

"Mu je," ya ce. "La'asar ta kusa, kada baƙinka su jira."